Ƙiba a Malanville: Allura ta yi tsada, gyara na farawa daga akushi

A watan Disambar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan alluran rage ƙiba irin su Wegovy, inda ta ce ana iya haɗa su da shirin sauya ɗabi'a mai zurfi. Hukumar ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba, wato fiye da mutum biliyan ɗaya.

Ga mazauna Malanville da garuruwan kewaye kamar Toumboutou, a bakin kogin Kwara daura da Gaya ta Nijar, allurar ta fi ƙarfin aljihun talaka. Ko mai hali ma ba ta raba shi da matsalar ba, don bincike ya nuna waɗanda suka daina ta sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage a cikin shekara guda. Saura sauya ɗabi'a ke nan, kuma shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Shirin na da ɓangare biyu. Na farko aiki ne: mutum ya riƙa lura da abin da yake ci kullum, ya hau sikeli sau ɗaya a mako, ya ɗaukar wa kansa ƙaramin buri, kamar rage sukarin shayi ko barin lemun kwalba. Na biyu gyaran tunani ne: ya gano abin da ke tura shi ga ci ba tare da yunwa ba, ɓacin rai ne ko zaman hira, ya kuma daina ɗauka cewa kuskuren rana ɗaya ya rushe komai. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58, yayin da maganin metformin ya rage kashi 31.

Sai dai an tsara shirin ne don mai cin abinci a farantinsa shi kaɗai. A nan gida akushi ɗaya ake sa wa hannu, uwargida ke da ludayi, kuma ƙin cin abincin mai masauki abin kunya ne. Ga kuma yadda ake kallon jiki: mace ta yi ƙiba, a ce miji na riƙon ta da kyau, ɗan kasuwa ya aje tumbi, a ce arziki ya zauna. Zabarmawa na da al'adar hangandi ta ƙara wa mata jiki, a kasuwanni kuma ana sayar da ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda wasunsu ke jawo hawan jini da ciwon suga. Wanda ke ganin rama alamar talauci ce ko ciwo, da wuya ya karɓi shawarar rage nauyi.

Wani abin lura shi ne jihar Alibori na fama da tamowa a tsakanin yara, don haka kiran "a rage ci" ga kowa da kowa na iya cutar da yaron da ke buƙatar ƙari.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kai shirin ga gida baki ɗaya. Ma'aikatan lafiya na unguwanni, ƙungiyoyin adashen mata da limamai za su iya yin bayani da Dandanci, Hausa da Fulatanci: a rage tudun shinkafa da mai, a ƙara zogale da wake da kifin kogi, gajeriyar tafiya a yi ta a ƙasa maimakon hawa kabu-kabu. Asibitin yankin Malanville da Karimama da shirin ƙasar Benin na yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka su ke da alhakin horar da su. Idan aka gabatar da maganar a matsayin kariya daga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, mutane za su fi saurara fiye da a ce musu su rame.