Dirka Ma Gini Ce

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya ratsa unguwannin da ake ta da benaye a biranenmu ya saba ganin dajin gora da katako a tsaitsaye ƙarƙashin sabon dekin, ga kuma leburori ɗauke da kwanon sarki suna hawa dandamalin da aka ɗaure a jikin bango. Muna kiran waɗannan abubuwa na wucin gadi, kuma daga wannan suna ne sakaci ya samo asali. Tun da za a kwance su gobe, sai aka ga ba su cancanci zane ko lissafi ko sa hannun kowa ba. Ra'ayina shi ne dirka da dandamali gini ne sukutum, kuma tilas a sami mutum guda sananne wanda alhakinsu ke wuyansa.

Bari mu fara da nauyi. Kankare mai tsawon mita guda da faɗin mita guda da tsayin mita guda yakan kai kilo 2,400. Ashe ke nan dekin mai kaurin santimita 15 yana ɗora kimanin kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ban da nauyin katako da mutanen da ke zirga-zirga a sama. Ranar da ake zubawa kankaren nan jiƙaƙƙe ne, ba ya riƙe kansa balle waninsa, dirkoki ne kaɗai ke ɗauke da shi. Injiniyoyi kuwa da ƙarfin da kankare ke kaiwa a kwana 28 suke lissafi. To, wane hankali ne zai yarda a zana ginshiƙin da zai ɗauki nauyi bayan wata guda, amma a bar gorar da ke ɗauke da shi a yau ga ƙiyasin idon kafinta?

Tarihi ya riga ya ba da amsa. Ran 27 ga Afrilu, 1978, a Willow Island ta jihar West Virginia a Amurka, ma'aikata 51 suka hallaka lokaci guda a hasumiyar sanyaya ruwa ta wata tashar lantarki. Dandamalinsu yana maƙale ne a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya, wanda bai ƙanƙara ba, sai ya ɓalle da su. Shekara 38 bayan haka, ran 24 ga Nuwamba, 2016, irin wannan ta auku a Fengcheng ta lardin Jiangxi a ƙasar Sin, mutum 74 suka rasu, saboda ana gaggawar gama aiki aka kwance katakon kankare tun bai yi ƙarfi ba. Waɗannan ƙasashe ba su rasa injiniyoyi ko kuɗi ba. Abin da aka rasa a ranakun nan biyu shi ne mutumin da zai auna, ya ce a dakata, a kuma ji maganarsa. Sauri dai ya haifi nawa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dubi yadda ake yi a yawancin ƙananan ayyukanmu. A kafa gora a kan ƙasar ciko ba tare da an shimfiɗa mata katako ba, ruwa ya sauka ta nutse. A haɗa guntaye biyu da ƙusa don su kai tsayi. A ƙi ɗaure dirkoki da juna ta gicciye. A yi ta amfani da ruɓaɓɓen katako daga wannan aiki zuwa wancan. Mafi muni, a zare dirkoki tun lokaci bai yi ba, don kawai ana bukatarsu a bene na gaba.

Na san ɗan kwangila zai ce kayan ƙarfe suna da tsada, kuma kowace ranar jira hasara ce. Gaskiya ne da tsada, amma gora mai kyau da aka jera bisa lissafi tana aiki, kuma awon injiniya na yini guda bai kai kuɗin dekin da ya rufta ba, balle ran magidancin da ya fito neman abin sawa a bakin salati. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki, sai dai diyya ba ta mayar wa maraya ubansa.

Maganin ba baƙo ba ne. Yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1988, ta ce gwani ne zai riƙa duba dandamali. A Ingila dokar 2005 ta wajabta a duba shi kafin a hau, sannan duk kwana 7. Mu ma muna da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, da hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi. Saboda haka ina kira da a wajabta abu uku a kowane aikin bene: zanen dirkoki ya zo tare da zanen gini, kada a zuba kankare sai injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, kada kuma a zare dirka ko ɗaya sai da rubutaccen izninsa.

'Yan'uwa, daga cikinmu ne za a sami injiniyoyi da jami'an tsara birane da za a miƙa wa waɗannan takardu. Wanda aka kawo wa takarda a ofis, ya tashi ya je ya taka ƙasar da dirkar ke tsaye a kai kafin ya ɗauki alƙalami. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.