Sharhi: Yusufu Bai Yafe Ba Sai Da Ya Gwada



Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san labarin Yusufu: Musulmi daga makarantar allo, Kirista daga Littafin Farawa, wanda Yahudawa ke karantawa cikin Attaura. 'Yan'uwansa sun jefa shi rijiya, suka sayar da shi ga fatake a kan azurfa 20, suka kai wa tsohonsu Yakubu riga jina-jina.

Sayar da mutum ba tatsuniya ba ce a wajenmu. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashi ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara zuwa daji, aka sako 344 ranar 17 ga watan. Har yau magidanta na sayar da gona da shanun noma don biyan kuɗin fansa.

In an zo maganar sulhu da 'yan bindiga, sai ka ji ana cewa ai Yusufu ma ya yafe. Haka ne. To amma yaushe ya yafe? Da yunwa ta koro 'yan'uwan zuwa Masar sayen hatsi, suka tarar da Yusufu a can, bai bayyana musu kansa ba. A zuwansu na biyu ya sa aka ɓoye kofinsa na azurfa a buhun ƙaninsa Biliyaminu, don ya ga ko za su sake yasar da ɗan'uwa su tsira da kansu. Sai Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da Yusufu tun farko, ya roƙi a riƙe shi bawa a saki yaron. A nan ne Yusufu ya fashe da kuka ya rungume su.

A wajenmu kuwa, tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, daga baya ya ce sun ci amana. An karɓi alkawarin baka, ba a ga tuba ba.

Don haka muna kira ga sarakuna, malamai, fastoci da shugabannin ƙananan hukumomi: kafin a shimfiɗa tabarmar sulhu, a sako duk wanda ke tsare, a miƙa makamai, a bar manomi ya shiga gonarsa ba haraji. Wanda ya yi haka, a yafe masa da zuciya ɗaya. Wanda ya ƙi, hukuma ta yi aikinta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.