Kwanciya Daban, Barci Daban: Abin da Agogon Zamani Bai Sani Ba

Hausa ta bambanta abubuwa uku da sukan haɗu a dare guda: kwana, kwanciya da barci. Mai jinya yakan kwana a asibiti ido biyu. Wanda bashi ya dama yakan yi kwanciyar sa'a biyu barci bai ɗauke shi ba. Maigadin da ya yi gyangyaɗi a zaune kuwa ya taɓa barci ba tare da haƙarƙarinsa ya taɓa shimfiɗa ba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai fahimci ƙorafin masu agogon hannu na zamani, waɗanda sukan wayi gari su tarar an rubuta musu barcin sa'a takwas a daren da suka san idonsu biyu, ko kuma ba a rubuta komai ba.

A ganina agogon kwanciya yake aunawa, barci kuwa kintatarsa yake yi. Abu biyu ya fi dogara da su: na'urar da ke jin motsin hannu, da koren hasken da ke bayansa, wanda yake haska fata ya ƙirga bugun zuciya daga gudanar jini. Idan hannu ya yi shiru, bugun ya sauka, sai ya yanke hukuncin cewa mai shi ya yi barci. A asibiti kuwa wayoyi ake mannawa a fatar kai, a karanta aikin ƙwaƙwalwa, a haɗa da motsin ido da na tsokar haɓa. Agogo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa mai sauraron rediyo a kwance, in dai bai motsa ba, yakan shiga lissafin masu barci.

Wani ɓangare na matsalar yana gyaruwa. Madauri mai sako-sako yakan ɗaga hasken daga fata, don haka a ɗaura shi ya zauna daram, kimanin faɗin yatsa sama da ƙashin wuyan hannu. A goge gumi da ƙura daga bayansa. A duba caji kafin a kwanta. Kamfanin Apple ya ba da shawarar kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari. Tsarin tsimin batir a agogo da yawa yakan dakatar da awon bugun zuciya, wayar ma takan rufe manhajar a ɓoye, bayanan dare su maƙale a agogo har sai an sake haɗa su ta Bluetooth. Inda wuta ba ta zuwa sai da dare kuwa, agogon a jikin caja yake kwana, ba shi da labarin da zai bayar.

Ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfin madauri da caja. An tsara waɗannan na'urori ne bisa zaton barci falle ɗaya, daga dare zuwa safe. Fitbit, alal misali, ba ya rarrabe matakan barci sai an kai sa'a 3, kuma barcin da bai kai sa'a guda ba yakan wuce shi. To yaya zai yi da wanda ya tashi sallar asuba ya koma, ya kuma yi ƙailula da rana? Yaya zai yi da daren azumi, da tahajjud da sahur suka yanka shi gida uku? Ƙaramin makin da zai bayar a nan shaida ne kan iyakar ma'aunin, ba hujja ba ce cewa mutumin bai huta ba.

Haɗarin yana ga wanda ya ɗauki makin tamkar hukuncin likita. A shekarar 2017 wasu masana barci a Amurka suka yi rubutu kan mutanen da neman cikakken maki ya jefa su cikin damuwa, har damuwar ta hana su barcin da suke nema. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi muni: mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare, yana yini da angaje da ciwon kai, amma ya ƙi zuwa asibiti don agogo ya ce ya yi sa'a bakwai.

Ban ce a jefar da shi ba. Yana da amfani wajen nuna lokacin da mutum ya saba kwanciya da tashi, idan aka dubi makonni a jere maimakon dare ɗaya. Amma idan aka tambaye ka yadda ka kwana, kada ka nemi amsar a wuyan hannunka. Jiki magayi. In ya ce ka gaji alhali agogo ya ce ka huta, maganar jiki za ka kai wa likita.