Littattafai Shida Da Na Karanta A Kan Gadon Jinya

Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Ban gama fahimtar wannan magana ba sai a daminar da ta wuce, lokacin da na faɗo daga kan kabu-kabu a kusa da shataletalen Gawon Nama, na samu karaya a ƙafar dama. Mai ɗori ya yi aikinsa, ya kuma kafa mini dokar kada in taka ƙasa sai bayan mako shida. Ga ni kwance a gida a Mabera, babu ofis, babu majalisar abokai ta bayan la'asar, wayar hannu kuwa ta gundure ni tun a makon farko. Ana cikin haka sai ƙanwata, wadda ke koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, ta zo dubiya, ɗanta na biye da ita ɗauke da wani tsohon kwali. Ta sa ya ajiye a gefen gado, ta ce, "Yaya, ga abin da ka hana ni karantawa nan na kawo maka. Tunda Allah Ya zaunar da kai, sai ka duba ka gani ko da gaske guba ce."

Maganar tana da tushe. A farkon shekarun 1990, ina ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na taɓa kama ta da littafin In Da So Da Ƙauna ɓoye a cikin littafin lissafi. Na ƙwace, na kai ƙara wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, alhali ko shafi ɗaya ban karanta ba. A shekarun ne aka yi ta muhawara a jaridu kan abin da Malam Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna mayar masa da martani. Su dai malaman nan sun karanta kafin su yi magana. Mu 'yan kallo kuwa hukuncin muka ɗauka, muka bar musu hujjar.

A cikin makonnin nan na karanta ƙagaggun labarai shida, kowanne da irin nasa fanni, biyar na Hausa, ɗaya na Ingilishi. Abin da na fito da shi, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne marubutanmu sun daɗe suna faɗa mana halin da muke ciki da inda muka dosa, cikin harshenmu, amma mu 'yan boko muka toshe kunne, ba ma yarda magana ta cika magana sai an faɗa mana ita da Turanci.

Na fara da na tarihi, wato Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Na karanta shi ina yaro don cin jarrabawa, abin da na riƙe kawai shi ne wani yaro ya je Masar ya dawo malami. Da na sake karantawa da furfura a gemu sai na ga ashe labarin uwa ne. Mace ce aka sace mata ɗa, ta bi sawunsa ita kaɗai, aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita har Tarabulus, ta sadu da shi bayan shekaru masu yawa, ba ta kuma jima ba ta rasu. Abin da ya dame ni shi ne yadda littafin ke ba da labarin harin kamo bayi a ƙasar Gwari cikin natsuwa, kamar ana zancen fita farauta. Da farko na ɗauki wannan a matsayin rauni. Daga baya na ga natsuwar ce ke tayar da tsigar jiki, domin ta nuna yadda sayar da ɗan Adam ya taɓa zama ruwan dare a ƙasar nan. Mu Sakkwatawa muna alfahari da tarihinmu, kuma muna da dalilin yin haka, amma wannan ɓangare ba kasafai muke son a taɓo shi ba. Malamin makaranta ɗan Bauchi ya taɓo shi tun 1934.

Na biyu shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawon buɗe ido a cikin jirginsa. Ba zan ce ya burge ni kamar sauran ba, domin sau da yawa labarin kan tsaya a koma darasi. Amma ya fito ne a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Ke nan a daidai lokacin da duniya ke kallon sama, akwai Bahaushen da ya ga harshensa zai iya ɗaukar labarin kimiyya. Abin takaici, kaɗan ne suka bi sawunsa.

Daga nan na ɗauko wanda na taɓa ƙwacewa, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Na neme gubar sama da ƙasa ban same ta ba. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ana so a tilasta mata auren attajiri Abdulƙadir, har ta kai ta faɗa rijiya. Hausar mai daɗi ce, tana tafiya kamar hira, ba mamaki da ya karɓu haka a hannun matasa. Inda nake da ja shi ne yadda marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Sai da ya sa asirin Abdulƙadir ya tonu, aka gane dukiyarsa ba ta halal ba ce, sannan kuskuren iyaye ya bayyana. To da a ce Abdulƙadir mutumin kirki ne mai dukiyar halal, yarinya ce kawai ba ta son sa fa? Nan ne ainihin tambayar auren dole take, kuma ita ce ke faruwa a gidajenmu. Duk da haka, littafin ya kawo maganar a fili a lokacin da irina ke ganin ko ambatonta rashin kunya ne.

Wanda ya fi taɓa ni a cikin na zamantakewa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, da 'ya'ya tara. Cefanen da yake bayarwa ba ya isa, alhali yana kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe su, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Hajiya Balaraba ta san abin da take rubutawa. Ta san lissafin kuɗin cefane, ta san yadda maganar tsakar gida ke tashi daga habaici ta kai ga dambe, ta san abin da ake nufi da haɗa kayan ɗakin amarya a hannun bazawara. A nan ma akwai irin raunin da na ambata, domin gobarar kasuwa ce ta zo ta yi wa Alhaji Abdu hukunci, kuma mun sani a rayuwa akwai Alhaji Abdu da yawa da shagunansu ba su taɓa ƙonewa ba. Amma ƙarshen littafin ya fanshi wannan. Bayan ya tsiyace, Delu ta watse, sai aka taru a kan Rabi a ce ta yi haƙuri ta koma, ita da aka wulaƙanta, ita kuma za ta ci gaba da ɗaukar nauyin gidan. Na rufe littafin ina tuna sau nawa aka kira ni irin wannan zama na sulhu a dangi, da kuma ɓangaren da na goya wa baya. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi masa. Na san abokan aikina da ba su taɓa jin sunan littafin ba sai a lokacin, bayan shekara 22 yana yawo a hannun matansu da ƙannensu.

Na biyar shi ne ya hana ni barci, wato Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Mailoma tsohon soja ne da ya ga jini a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare sai ya tara 'yan ta'adda da makamai, ya nufi ƙauyensu na Maguzawa, Tsaunin Gwano, da niyyar mayar da shi daularsa ta miyagun ƙwayoyi, duk wanda ya tsaya masa a gaba kuma ya kawar da shi. Littafin yana da tsawo, a wasu wurare zubar da jinin ya yi yawa har ya koma kamar fim. Na tabbata masu karatu da dama a wancan lokaci sun ɗauke shi a matsayin mafarkin wanda ya cika kallon sinima. Amma ni da na karanta shi a Sakkwato, bayan harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021, da kisan gillar da aka yi wa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun masu garkuwa a watan Agusta 2024, ban ga mafarki a ciki ba. Ban ce asalin Mailoma da na 'yan bindigar gabashin Sakkwato ɗaya ba ne, kowanne da tarihinsa. Sai dai abubuwan da Gagare ya haɗa su ne dai: makami a hannun wanda ya saba da kisa, matasan da ba su da abin yi, ƙwaya, da ƙauyen da hukuma ta manta da shi. Ya haɗa lissafin nan fiye da shekara 40 da suka wuce. In kunne ya ji, jiki ya tsira, to amma kunnen wa ya ji?

Na ƙarshe shi ne na Ingilishi, Born on a Tuesday na Elnathan John, na 2015. Labarin Ɗantala ne, almajirin da ya faɗa cikin 'yan bangar siyasa, ya gudo Sakkwato bayan rikicin zaɓe, ya samu mafaka a wani masallaci na tashar mota a hannun Shaikh Jamal, ya kuma ga yadda saɓanin malamai ke rikiɗewa ya zama zubar da jini. Marubucin ya iya aikinsa. Ya nuna yadda yaro mai jin yunwa ke samun tuwo da wurin kwana da uba a wuri guda, daga nan kuma ya samu ɓangare, tun bai san abin da ake jayayya a kai ba. Duk wanda ya zauna garin nan a 2007 ya san ba ƙage ba ne tsantsa. Ƙorafina shi ne ban ji ƙamshin Sakkwato sosai a ciki ba, da an canza sunan garin da wani na Arewa labarin ba zai girgiza ba. Kuma almajiran da ke bara a tashoshinmu ba su ne masu karanta shi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Da abokai suka riƙa zuwa dubiya suna ganin littattafan a gefen gado, kusan kowa ya san na Elnathan, wasu har suna kawo zancen Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Madalla da wannan, ni ma ina alfahari da su. Amma da na ɗaga na Bature Gagare, likita da lauya da injiniya duk sai kallon-kallo. Wannan kuwa a Sakkwato ne, garin Nana Asma'u, wadda ta iya Larabci sarai amma ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa domin saƙo ya kai ga matan karkara.

Saboda haka ina da kira uku. Na farko gare mu iyaye, musamman 'yan boko. 'Ya'yanmu mata ba su daina karatu ba, sun koma karanta labarai a WhatsApp da Wattpad, inda babu edita babu mai tacewa, akwai na kirki akwai na banza. Kafin mu hana, mu karanta. Wanda ya karanta ne yake da bakin cewa wannan ya yi, wancan bai yi ba, kuma shi yaro zai saurara. An ƙona littattafai a Kano a 2007, ba a kuma daina rubutu ba. Na biyu ga kamfanin NNPC na Zariya da sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu. Kwafin Ƙarshen Alewa Ƙasa da na karanta ya sha ɗinki da zare, shafukansa sun yi ja. Ya kamata irin waɗannan littattafai su wadata a shagunan Sakkwato da ɗakunan karatun makarantu, a kuma same su a waya ta hanyar da marubuci ko magadansa za su amfana. Mu da ke sayen katin waya na dubbai a mako ba mu da uzurin cewa littafi ya yi tsada. Na uku ga marubuta. Ku rage gaggawar yanke wa mugu hukunci da gobara ko haɗarin mota. Ku nuna mana mutum yadda yake, ku bar mai karatu ya yi alƙalanci, domin abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a zuciya.

Ranar da aka kwance mini ɗori, ƙanwata ta zo karɓar kwalinta. Na ce mata, "Malama, na karanta, kuma na ba ki haƙuri a kan littafinki da na ƙwace." Ta yi dariya ta ce ai tuni ta yafe, domin washegari ta aro wani a wurin ƙawarta ta ƙarasa. Na roƙi ta bar mini na Hajiya Balaraba, na ba babbar 'yata, da sharaɗin in ta gama mu zauna mu tattauna. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.