Maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba

Wasu masu kallon zanen sinimar Japan sukan yi ƙorafi cewa zango na biyu na Ghost in the Shell: Stand Alone Complex, wanda aka laƙaba wa 2nd GIG, surutu ya yi masa yawa. Gaskiya ne muhawarorinsa na da tsawo, wani lokaci har su gajiyar. Amma ɗalibin kimiyyar harshe bai kamata ya bi sahun masu ƙorafin ba, domin a wannan zango magana ita ce makami.

Kamfanin Production I.G ne ya fitar da shi tsakanin 2004 da 2005, kashi 26, ƙarƙashin jagorancin Kenji Kamiyama. Labarin yana gudana a Japan ta shekarar 2032, zamanin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke haɗe da intanet. Bayan yaƙi, gwamnati ta gayyato ƴan gudun hijira daga ƙasashen Asiya don su yi mata aikin ƙarfi da araha. Da buƙata ta biya, sai suka zame mata kaya. Da yawansu sun taru a tsibirin Dejima. Sunan ba a banza aka zaɓe shi ba: a Dejima ta tarihi, can Nagasaki, aka killace fataken Holan tun daga 1641.

Kazundo Goda, jami'in leƙen asiri mai son rura wutar ƙiyayya, bai fara da bindiga ba. Ya saki wata ƙwayar cutar kwamfuta da ke sa wanda ta kama ya gaskata cewa ya karanta wata maƙala mai suna Individual Eleven. Saboda ita mutane suka yi kisa, har suka halaka kansu. Daga baya rundunar Manjo Motoko Kusanagi ta gano cewa maƙalar ba ta wanzu ba sam.

A nan darasin yake. Ƙarfin nassi ba a haruffansa kaɗai yake ba, yana bakin masu ambatonsa. Hausa ta tanadi hanyar yin haka a nahawunta: "an ce". Wannan "an" ba ya da fuska, ba ya da suna, ba a kai shi gaban alƙali, amma yakan raba unguwa biyu. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp kan baƙin da suka tsero daga rikici, ba tare da an san mai shi ba, ɗan'uwan maƙalar Goda ne. Haka ma littafin da ɗalibi ya ambata a kundinsa alhali bai taɓa buɗe shi ba.

Saboda haka zangon ya cancanci a kalle shi da alƙalami a hannu, a kuma fita da tambaya guda da za a riƙa yi wa kowane "an ce": wa ya ce, kuma ina nassin?