Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Ungogo: A Kai Yaranmu Masu Lalura Dutsen Dala



Ina rubuto maka ne daga Rijiyar Zaki a kan wasu yara da ba a ganinsu a layi ko a islamiyya: masu galahanga, da waɗanda suka makara wajen tafiya ko magana, da waɗanda wuyansu bai tsaya da wuri ba. Da yawansu suna ƙuryar ɗaki. Baƙo na sallama sai uwa ta yi maza ta saki labule, don ta gaji da jin ana ce wa ɗanta ɗan ruwa. Wannan abu yana ci mini rai.

Roƙona shi ne ƙaramar hukuma ta riƙa ɗaukar nauyin fita da su hawan dutse, ko sau ɗaya a wata. Na san wani zai ce yaron da ke faɗuwa a tsakar gida ina shi ina Dala? To ai abin da masu gashin ƙashi ke sa su yi ke nan a asibiti: hawa matakala, riƙe ƙarfe, ɗora nauyin jiki a ƙafa ɗaya sannan a ɗaya. Dutsen Dala yana da matakala. Yaro ya dafa, ya ɗaga ƙafa, ya tsaya yana haki, ya waiwayo ya ga mutane a ƙasa sun ƙanƙance. Ko taki goma ya yi, ya yi abin da aka ce ba zai iya ba, kuma a idon mahaifinsa.

Kano ba baƙuwar irin wannan ba ce. Ɗanta Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, ga shi yau ana buga ta har a wasu ƙasashen Afirka.

Ma'aikata ma ba nisa. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana nan maƙwabtanmu a titin Gwarzo, kuma jami'ar tana koyar da ilimin masu buƙata ta musamman da gashin ƙashi. A nemi ɗalibanta su zama 'yan rakiya, kowane yaro da babba guda. Amma kafin komai likita ya duba kowa, domin wasu na da ciwon zuciya ko farfaɗiya, su sai dai a tsaya da su a gindin dutsen. A fita da sanyin safiya, da ruwan sha, a kuma nemi gwamnatin jiha ta share hanyar ta gyara abin dafawa.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi waɗannan yaran ma. Ranka ya daɗe, a kira masu unguwanni da limamai su shawo kan iyaye, a ba mu mota guda mu fara da mazaɓar Rijiyar Zaki. Allah ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani mazaunin Rijiyar Zaki