Gyaran da Ke Mutuwa da Kashe Kwamfuta Ba Gyara Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin masu rubuta manhaja: gyaran da ake yi da hannu a manta da shi, har ranar da aka kashe na'ura ya bi iska.

Adireshin da kwamfuta ke magana da kanta ta cikinsa ya isa misali. Ƙa'idar RFC 1122 ta 1989 ta tabbatar da keɓe duk rukunin da ya fara da 127, adireshi sama da miliyan 16, domin wannan aiki. Linux tana amsa kusan dukkansu kai tsaye, amma macOS ba ta san kowanne ba sai 127.0.0.1. Injiniyan da ke son gwada rumbunan bayanai biyu a ƙofa mai lamba ɗaya sai ya ƙara inkiya da umarnin sudo ifconfig lo0 alias 127.0.0.2. Aiki ya tafi. Sai dai umarnin bai rubuta komai a faifai ba. Da zarar an sake kunna na'ura, inkiyar ta ɓace.

Wasu kan maimaita umarnin kowace safiya, wanda aikin baban giwa ne. Wasu kan cusa shi a fayil ɗin .zshrc, sannan su cire wa sudo kalmar sirri don kada ya dame su. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne: an rage wahalar minti ɗaya, an bar ƙofar gida a buɗe.

Hanyar gaskiya ba ɓoyayya ba ce. Tun 2005 Apple ya shigo da launchd. Ana rubuta ɗan fayil na plist a /Library/LaunchDaemons, a sa masa RunAtLoad, a mallaka shi ga root, sai inkiyar ta riƙa dawowa kafin kowa ya shiga. A FreeBSD layi ɗaya a /etc/rc.conf ya wadatar.

Masu kare lalaci kan ce abin bai taka kara ya karya ba. Ya karya. Saitin da ke zaune a kan mutum ɗaya yana tafiya hutu tare da shi. Ranar da wuta ta ɗauke, abokin aikinsa zai wuni yana zargin manhajar da ba ta da laifi. Duk saitin da aiki ya dogara a kansa, wajibi ne a rubuta shi inda na'ura ke karantawa, a sake kunna ta, a ga ya tsaya, kafin a ce an gama.